Kafin Ya Tuba, Kada Jininsa Ya Gurɓata



A kwanakin baya wani ɗan'uwa daga wannan yanki namu na Wurno, wanda ba za mu ambaci sunansa ko na garinsu ba, ya kai maiɗakinsa asibiti a Sakkwato tana kan gwiwa, likitoci suka ce sai an ƙara mata jini. Bawan Allah ya naɗe hannun riga ya ce a ɗebi nasa. Aka ɗebi kaɗan domin gwaji, bayan ɗan lokaci aka kira shi gefe aka shaida masa cewa ba za a iya karɓar jininsa ba, domin akwai ƙwayar ciwon hanta nau'in C a ciki. Wannan mutum shekararsa huɗu ke nan cur da barin shaye-shaye. Yau a sahun gaba ake ganinsa a masallaci, yana zuwa makarantar dare, yana noman albasarsa a fadama, kuma waɗanda a da suke sauya hanya idan sun hango shi su ne suka yi masa rakiya wajen neman aure. Ya tuba, jama'a sun yafe masa, muna kuma kyautata zaton Allah Ya karɓa. To amma jinin jikinsa bai san da wannan tuba ba. Abin da ya shige shi a zamanin da yake kwana a kango tare da abokai yana nan yana cin hantarsa a ɓoye.

Wannan shi ne dalilin da ya sa yau muka ga ya zama wajibi mu yi magana da 'yan'uwa matasa a kan wani ɓangare na musibar shaye-shaye wanda masu wa'azinmu ba su cika taɓawa ba. Duk wa'azinmu a kan wannan bala'i kalma ɗaya ce, wato a daina. Kalma ce ta gaskiya, kuma ba mu janye ko harafi ɗaya daga cikinta ba. Sai dai kowa a cikinmu ya sani cewa tsakanin ranar da yaro ya ji wa'azi da ranar da zai jefar da abin har abada, sau da yawa akan sami shekara uku, ko biyar, ko ma goma. Shin a cikin waɗannan shekaru wa ke gaya masa yadda zai kare jininsa? Babu. Mun bar shi da abokan shansa, su kuwa abin da ba su sani ba ya fi wanda suka sani yawa.

Kada wani ya ce wannan matsalar Legas ce ko ta Kano. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sha'anin miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda a Nijeriya. Masu shan wiwi kaɗai miliyan 10.6 ne, masu haɗiyar tiramol da danginsa miliyan 4.6, masu kwankwaɗar maganin tari miliyan 2.4. A shiyyarmu ta Arewa maso Yamma an sami kashi 12 cikin 100, wato kimanin mutum miliyan 3. Mu da muke zaune a nan ba ma bukatar wani ya zo daga Abuja ya ƙirga mana. Wanda ya taɓa zuwa fadamun Wurno da Lugu lokacin dashen albasa, ko gonakin da ke shan ruwan madatsar Goronyo, ya san abin da wasu 'yan ƙwadago ke jefawa a baki da sassafe don su yi aikin mutum biyu. Wanda ya zauna a tashar Acida ya san wasu 'yan kabu-kabu da abin da ke riƙe da su tun asuba har dare. Ga kuma 'yan ci-rani da ke dawowa daga Legas da Fatakwal da Abuja gab da damina, wasu da kuɗin taki, wasu da sabon salon shan da ba a san shi ba a Sisawa ko Kwasare. A kan wannan kuma sai a ɗora abin da 'yan bindiga suka yi mana. Yaron da ya tsere daga Tabanni a 2018 ya ƙare a sansanin gudun hijira na Gandi a ƙasar Rabah, ko wanda yake cikin kasuwar Goronyo ranar da aka buɗe wa jama'a wuta a watan Oktoban 2021 aka kashe mutum fiye da 40, idan ya ce maka barci ba ya ɗaukarsa sai ya busa wani abu, ba mu ce ya yi daidai ba, amma lallai ba da zagi za a fara masa magana ba.

To yaya hayaƙi zai kawo cutar jini? Wannan tambaya ce mai kyau, kuma amsarta na bukatar a rarrabe, don kada mu tsorata mutane da abin da ba haka yake ba. Ƙanjamau ba ta bin yawu, ba ta bin kwanon abinci, ba ta bin gaisawa. Naɗin wiwi da ake zagayawa da shi daga baki zuwa baki, haɗarinsa na kusa shi ne tarin fuka da sauran cututtukan ƙirji, musamman da yake a ɗaki rufe ko cikin kango ake taruwa ana tari a fuskar juna. Inda jini ke shigowa shi ne wajen abubuwan da ake ƙonawa a cikin bututun gilashi ko na ƙarfe, ko fasasshen ƙwan lantarki, kamar dunƙulen hodar iblis da kuma wadda samari ke kira ais, wadda a ƙasar Ibo ta yi ƙaurin suna a 2021 da sunan mkpuru mmiri. Ita wannan ba daga ƙetare kawai take zuwa ba, domin tun 2011 hukumar NDLEA ta gano wurin farko da ake dafa ta a Legas. Bututun yakan yi zafi ƙwarai, ya ƙona leɓe, ya bar ƙuraje da tsagewa, bakin gilashin da ya fashe kuma ya yanki mutum bai ma ji ba saboda yana cikin maye. Ita ais tana busar da baki, dasashi ya riƙa zubar da jini. Ƙara da hunturunmu na Sakkwato da ke farfasa leɓen mai lafiya ma, balle na wanda ya kwana biyu bai ci bai sha ba. Idan mai tsagaggen leɓe ya miƙa wa wani mai tsagaggen leɓe bututu ɗaya, to jini ya gamu da jini, ko ido ya gani ko bai gani ba. A birnin Toronto na ƙasar Kanada masu bincike sun karɓi irin waɗannan bututai 51 daga hannun masu sha jim kaɗan bayan sun yi amfani da su, suka sami ƙwayar ciwon hanta nau'in C a jikin ɗaya, kuma mai shi yana da cutar, yana da gyambo a baki. An buga wannan a 2008. Wani zai ce ai ɗaya cikin 51 ba yawa. To ya lissafa sau nawa bututu ke zagayawa a dare ɗaya, sannan ya ninka da dararen shekara.

Abin da ya sa ciwon hanta ya fi ban tsoro a nan shi ne taurin ran ƙwayarsa. Ta ƙanjamau ba ta jimawa da ƙarfinta idan jini ya bushe a sarari. Ta ciwon hanta nau'in B kuwa tana iya kwana bakwai ko fiye a busasshen jini a jikin reza tana jiran wanda za ta kama, kuma ta fi ta ƙanjamau saurin kamu ninki 50 zuwa 100. Ta nau'in C ma takan yi kwanaki, wani lokaci har makonni. Sannan dukansu biyu ba su da gaggawa. Mutum zai yi shekara 20 yana noma yana aure yana haihuwa, sai wata rana ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, ƙafa ta haye, a ce shawara ce, a ce sammu ne, a yi ta jiƙe-jiƙe, alhali hanta ce ta ƙanƙance ko daji ya kama ta.

Amma a ganinmu babbar ƙofa a wannan yanki ita ce reza. Duk wanda ya san zaman majalisar masu shaye-shaye ya san cewa ba su da nawa da naka, kuma wannan haɗin kai da suke alfahari da shi shi ne ke cutar da su. Reza ɗaya ita ce ta yanka ƙulli, ita ce ta yanke farce, ita ce ta gyaran fuska ranar Juma'a, ita ce kuma ta tsaga ƙurji idan ya nuna. Wasu da allura ɗaya suke zana suna ko hoto a damtse. Idan rigima ta kaure aka sari juna, wanda zai ɗaure wa abokinsa rauni da tsumma shi ma hannunsa a yanke yake. Daga nan kuma su wuce wajen mai yankan farce na tasha, wanda almakashinsa ɗaya ya bi yatsun mutum talatin tun safe, abin da yake yi kawai ya goga shi a ɗan soso mai kumfa. A nan ne ya kamata kowane mai karanta wannan jarida ya tsaya ya yi tunani, domin wannan mai yankan farce shi ne namu mu ma, wanzamin da ya yi masa ƙaho shi ne ke yi wa iyayenmu, shi ne kuma zai yi wa ƙannenmu kaciya idan sanyi ya shigo. Wanda yake ganin cutar ɗan wiwi ba ta shafe shi ba, to ya sani a kujerar aski ɗaya suke zama.

Sai ƙofa ta uku, wadda ta fi kowace muni, wato allura. Mai busawa idan jikinsa ya saba, abin ya daina kai shi inda yake so, akwai wanda zai raɗa masa cewa ta jijiya ta fi sauri kuma ta fi arha. Wancan bincike na 2019 ya ƙiyasta masu yi wa kansu allurar maye a Nijeriya sun kai 80,000, kuma mafi yawan abin da suke ɗurawa magungunan kashe zafin ciwo ne na asibiti irin su fentazosin, waɗanda wasu masu kemis marasa tsoron Allah ke sayarwa ba tare da takardar likita ba. Wani binciken na gwamnati a 2020 ya sami ƙanjamau a jikin kusan kashi 11 cikin 100 na masu wannan allura, alhali a tsakanin sauran jama'a 'yan shekara 15 zuwa 49 binciken 2018 kashi 1.4 ya samu. Saboda haka duk ɗan'uwan da ya iya hana mai busawa tsallakawa zuwa sirinji, ko da bai iya raba shi da hayaƙin ba tukuna, wallahi ya yi babban aiki, kada ya raina shi.

A nan sai mun yi wata togaciya. Kada wani ya karanta wannan ya fita yana nuna duk mai ciwon hanta da yatsa. Binciken 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na manyan Nijeriya na ɗauke da nau'in B, kashi 1.1 kuma nau'in C, kuma akasarin masu nau'in B sun same shi ne tun suna jarirai ko suna yara ƙanana, daga uwa wajen haihuwa, ko daga askar cire beli da tsaga da kaciya. Akwai malamai da limamai da matan kulle masu ɗauke da shi waɗanda ko sigari ba su taɓa riƙewa ba.

Mun san abin da wasu 'yan'uwa za su ce, domin an riga an faɗa mana a fuska: wai idan ka ce wa mashayi kada ya yi tarayya da kowa a bututu ko reza, ai ka ba shi lasisin sha ke nan. Muna girmama kishin masu wannan magana, amma ba mu yarda da ita ba. Duk wanda ya zauna gaban malami a Islamiyya ya ji ƙa'idar nan ta malaman fiƙihu cewa idan ɓarna biyu suka haɗu, ba yadda za a kauce wa duka, to a kauce wa babbar. Ya kuma ji labarin baƙauyen da ya tsuguna yana fitsari a masallacin Madina, sahabbai suka taso masa, Manzon Allah (S) ya hana a katse shi, da ya gama aka zuba ruwa a wurin, sannan aka kira shi aka karantar da shi cikin lumana. Da an kore shi a guje, da najasar da ta tsaya wuri ɗaya ta watsu ko'ina. Haka nan labarin sahabin da aka sha kawowa saboda shan giya, ranar da wani ya tsine masa aka kwaɓe shi. Haramcin abin yana nan daram, mutumin kuma ba a jefar da shi ba. Hausawa ma sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Kuma ba mu ne farkon Musulmin da suka fuskanci wannan ba. Ƙasar Iran, wadda ke maƙwabtaka da Afganistan inda aka daɗe ana noman mafi yawan abin da ake yin hirowin da shi a duniya, ta gwada kamu da ɗauri da kisa shekara da shekaru, sai ga ƙanjamau na yaɗuwa a gidajen yarinta ta hanyar sirinji. A 2000 aka buɗe asibitin farko a Kirmanshah mai haɗa kula da masu shaye-shaye da masu ƙanjamau wuri guda, a 2005 kuma shugaban ma'aikatar shari'a na ƙasar, Ayatullahi Shahrudi, ya ba alƙalai umarnin kada su tsangwami ma'aikatan lafiya masu raba sirinji mai tsabta da maganin rage ƙishirwar ƙwaya. Malesiya ta fara ba da wannan magani, mai suna metadon, a 2005, ta fara musayar sirinji a 2006, har a 2010 aka buɗe wurin ba da maganin a harabar masallacin Ar-Rahman da ke Kuwala Lumfur. A farkon shekarun 2000 kusan kashi uku cikin huɗu na sabbin masu kamuwa da ƙanjamau a can masu allura ne, kafin 2020 sun koma ƙasa da ɗaya cikin goma. Nijeriya ma ta gwada raba sirinji a 2020 a jihohin Gombe da Oyo da Abiya.

Mu kuwa me muka tanada? Gidan mari. Kowa ya tuna abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum ɗaruruwa daga wani gida, da sasari a ƙafa da tabon bulala a baya, sannan aka sake ganin irinsa a Daura cikin watan da ya biyo. Iyaye ne suka kai 'ya'yansu da kuɗinsu da kyakkyawar niyya. Amma a tara samari masu gyambon mari a ɗaki ɗaya, a yi musu ƙwal-kwabo da aska ɗaya, a zane su da bulala ɗaya har jini ya fito, wannan ai gonar ciwon hanta ce aka share aka yi wa taki. Wanda abin ya fi ƙarfin nasiha, ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya nan a Kware, kusa da mu, inda akwai likitocin da aikinsu ke nan. Zuwa Kware ba hauka ba ne, ya kamata mu cire wa mutanenmu wannan tunani.

Ga hukuma kuma muna da magana. Haramta maganin tari mai kodin da aka yi a watan Mayun 2018 da kame-kamen NDLEA ba su warkar da hanta ko ɗaya ba. A dubi Masar. Allurar maganin tsargiya da aka yi wa manoman bakin kogin Nilu tun daga shekarun 1950 har zuwa farkon 1980, da sirinjin da ba a dafa shi yadda ya kamata ba, ita ta bar ƙasar da ciwon hanta nau'in C fiye da kowace ƙasa a duniya. A 2018 suka tashi haiƙan, suka gwada mutum fiye da miliyan 50 kyauta, suka ba waɗanda aka samu da cutar magani, har a watan Oktoban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa su ne ƙasar farko da ta kai matakin zinare a hanyar kawar da ita. Mu da muke zaune a garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance, mutumin da duk da nauyin mulki ya zauna ya yi rubuce-rubuce a kan magani, ba ma neman abin da ya fi ƙarfin gwamnati. A wadata asibitocin Wurno da Rabah da Goronyo da kayan gwaji da allurar rigakafi ta manya a farashin da ɗan ƙwadago zai iya biya, a kuma tara wanzamai da masu aski da masu yankan farce a koya musu tsabtace kayan aiki. Jihar Kano ta sa hannu a dokar gwaji kafin aure a 2024, wadda ta haɗa da ciwon hanta na B da na C. Ko da doka ko babu, waliyyi na da ikon ya nemi takardar gwaji kafin ya ba da 'yarsa.

Kafin hukuma ta motsa, aikin namu ne. Kowane ɗan'uwa yana da wani a gidansu ko a unguwarsu wanda ya san yana sha. Ka same shi shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba, kuma ba lokacin da yake cikin maye ba. Ka gaya masa ƙarara cewa burinka ya daina, amma kafin wannan rana kada ya karɓi bututun kowa kuma kada ya ba da nasa, kada ya sa fasasshen gilashi a baki, idan leɓensa ya tsage ya shafa man kaɗanya ya bari ya warke. Reza tasa ta zama tasa shi kaɗai, haka buroshin goge baki, in ya je aski ya ga an ɓare sabuwa a gabansa. In ka iya, ka saya masa fakiti guda ka ba shi, ba za ta talauta ka ba. Askar wanzami da almakashi a wanke su sannan a tafasa su minti 20, gogawa da tsumma ko ɗan haska musu ashana ba ya wadatarwa. In ya riga ya kai ga allura, kada ya kusanci sirinjin da ya shiga jikin wani, kuma wanda irin wannan allura ta soke shi ya garzaya asibiti kafin awa 72, akwai maganin da ake sha na kwana 28 don tare ƙanjamau.

Sannan ka ja shi ku tafi gwaji tare, kai ma ka miƙa naka yatsan, don kada ya ga kamar tona masa asiri aka zo yi. Nau'in C yanzu yana warkewa sarai, da ƙwayoyin da ake sha na mako 12, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 na masu sha suna rabuwa da shi. Ɗan'uwan da muka buɗe da labarinsa ya fara shan nasa, matarsa kuma da aka gwada ba a same ta da komai ba, alhamdu lillahi. Nau'in B ba a kai ga maganin da ke tumɓuke shi ba, amma akwai wanda ke danne shi ya kare hanta, kamar yadda maganin ƙanjamau ke danne tata ƙwayar, saboda haka a yi hattara da masu lasifika a kasuwar Acida da ta Goronyo da ke rantsuwa cewa gora ɗaya ta jiƙo za ta wanke shi. Magidancin da aka samu da nau'in B ya kai iyalinsa a gwada su a yi musu rigakafi, ya yi amfani da kwaroron roba har matarsa ta kammala allurarta, jaririn da aka haifa kuma a yi masa ta farko cikin awa 24, domin jariri in ya kamu, tara cikin goma cutar ta zauna masa ke nan har girma.

Sai a 2004 Nijeriya ta sa rigakafin nau'in B cikin allurar yara. Duk wanda aka haifa kafin wannan shekara, da wanda aka haifa bayanta amma iyayensa ba su kai shi ba, to ya ɗauka ba shi da kariya, ko yana sha ko ba ya sha. Allura uku ce: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku bayan wata shida da yin ta farko. Masu shirin tafiya ci-rani su fara tun yanzu, su tafi da katinsu a aljihu, domin ta ukun za ta iya riskarsu a Legas ko Fatakwal, kuma a can ma ana yi.